Tarihin Wilhelm Rontgen, Mutumin Da Ya Sa Likita Ke Ganin Ƙashi Ba Tare Da Yanka Ba

Da wuya a sami gida ɗaya a unguwarmu ta Chikaji, ko a Samaru, ko a sauran unguwannin Sabon Gari, wanda ba a taɓa rubuta wa wani a cikinsa takarda aka ce ya je ɗakin hoto na asibiti ba. Wani ya faɗo daga kan mashin, wani tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wata tsohuwa gwiwa ta hana ta sujada. Sai a shiga da mutum ɗakin, a ce ya tsaya cik, kafin ƙiftawa da bismilla an gama, ga ƙasusuwansa nan farare fes likita yana dubawa. Amma in ka tambayi jama'a ko wane ne ya gano wannan abu, da kyar za ka sami mai ba ka amsa. Saboda haka na ga ya kamata bana in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu tarihin mutumin, da kuma yadda aikinsa yake taimakon masu ciwon gaɓoɓi, domin ciwo ne da ya addabi tsofaffinmu ƙwarai.

Sunansa Wilhelm Conrad Rontgen. An haife shi ran 27 ga Maris, 1845, a wani ƙaramin gari da ake kira Lennep a ƙasar Jamus, watau shekara 28 bayan rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ubansa ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, uwarsa kuwa daga ƙasar Holan ta fito, kuma shi kaɗai Allah ya ba su. Yana ɗan shekara 3 iyayensa suka yi ƙaura zuwa garin Apeldoorn na Holan, a can ya girma. Lokacin da yake yaro ba a lissafa shi cikin masu ƙoƙarin aji. Abin da aka san shi da shi shi ne yawon daji da ƙere-ƙeren hannu.

A 1862 aka sa shi wata makarantar koyon fasaha a birnin Utrecht. A nan ne wani abu ya same shi wanda na tabbata kowane ɗalibi zai ji shi har cikin ransa. Wani yaro ya zana hoton ɗaya daga cikin malamai don izgili, aka kama zanen, aka ce Rontgen ne ya yi. Shi kuwa ya san mai laifin, amma ya ƙi faɗin sunansa. Hukumar makaranta ta kore shi, ya fita ba takardar shaidar gama sakandare. A zamanin nan wanda ba shi da wannan takarda jami'a ba ta karɓarsa. Ya shiga Jami'ar Utrecht a matsayin ɗan sauraro kawai, ba ɗalibi mai rajista ba.

Ana nan sai ya ji labarin wata babbar makarantar fasaha a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, wadda ba ta dage sai da waccan takarda ba. Ya tafi can a 1865, ya karanta aikin injiniya, ya gama a 1868. Shekara guda bayan haka, a 1869, ya sami digirin dakta a Jami'ar Zurik. Wani shehun malamin kimiyya mai suna August Kundt ya lura da natsuwarsa da tsabtar aikin hannunsa, ya ɗauke shi mataimaki. Da Kundt ya koma Jami'ar Wurzburg a Jamus sai ya tafi da shi. To, a can ma tsohon tabon ya biyo shi, domin jami'ar ta ƙi ba shi izinin zama cikakken malami saboda rashin takardar sakandare. Sai da suka koma Strasbourg sannan ya sami wannan izini a 1874. Daga nan ya koyar a Hohenheim, ya komo Strasbourg, ya tafi Giessen a 1879. Ikon Allah, a 1888 Jami'ar Wurzburg ɗin nan da ta ƙi shi ita ce ta aika masa ya zo ya riƙe kujerar farfesan fiziks, kuma a 1894 aka zaɓe shi shugaban jami'ar baki ɗaya. Mahaƙurci mawadaci.

A Zurik ne ya haɗu da Anna Bertha Ludwig, 'yar wani mai gidan sayar da abinci. Suka yi aure a 1872. Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka ɗauki 'yar ɗan'uwan Anna suka riƙe a 1887, tana 'yar shekara 6.

Yanzu sai mu zo kan babban al'amarin. A wancan zamani masana da yawa a Turai suna gwaji da wani irin bututun gilashi wanda aka zuƙe iskar cikinsa, ana sakar masa wutar lantarki mai ƙarfi, sai a ga yana wani irin haske. Ran Jumma'a, 8 ga Nuwamba, 1895, Rontgen yana ɗakin gwajinsa a Wurzburg da maraice. Ya lulluɓe bututun da baƙin kwali yadda haske ba zai fita ba, ya sa ɗakin ya yi duhu, ya saki wuta. Sai ya hangi wani allo da aka shafe da sinadari, wanda ke ajiye can gefe, yana ƙyalli. Ya kashe wuta, ƙyallin ya tafi. Ya kunna, ya dawo. Ashe wani abu ne da ido ba ya gani yake fitowa daga bututun, yana ratsa kwalin, yana faɗawa kan allon.

Abin da ya fi burge ni cikin tarihinsa shi ne abin da ya yi bayan wannan dare. Bai ruga waje yana shela ba. Ya kulle kansa kimanin mako bakwai, har ci da kwana ya koma yi a ɗakin gwajin, yana jarraba abin ta kowace fuska don kada ya zama idonsa ne ke yaudararsa. Ya sa littafi mai kauri a tsakani, abin ya ratsa. Ya sa katako, ya ratsa. Ya sa ƙarafa iri iri, ya ga wasu suna rage shi, dalma kuwa tana tare shi. Yana riƙe da wani abu a gaban allon sai ya ga inuwar ƙasusuwan yatsunsa. Tun da bai san ko mene ne wannan haske ba, sai ya kira shi da harafin nan na X, wanda mu ma muke sawa a darasin lissafi a madadin abin da ba a sani ba. Daga nan ne aka sami sunan eksire da muke ji a asibiti.

Ran 22 ga Disamba ya kira matarsa, ya ɗora hannunta a kan farantin ɗaukar hoto. Da aka wanke sai ga ƙasusuwan hannun sun fito, ga zobenta a yatsa. An ce abin ya ba ta tsoro, domin ba wanda ya saba ganin ƙashin mutum sai bayan ya mutu. Ran 28 ga Disamba ya miƙa rahotonsa ga ƙungiyar masana ta Wurzburg, ran 1 ga Janairu, 1896, ya aika wa abokansa masana da kwafe tare da hotuna. Ran 5 ga wata wata jarida ta birnin Biyena ta buga labarin, kafin a jima ya game duniya. Cikin watan nan Sarkin Jamus, Wilhelm na Biyu, ya kira shi Balin ya nuna masa. Ran 23 ga Janairu kuma ya yi lacca a gaban jama'a a Wurzburg, ya ɗauki hoton hannun wani tsohon farfesa mai suna Albert von Kolliker. Shi wannan dattijo ne ya ba da shawara a riƙa kiran hasken da sunan Rontgen, har yau kuwa haka Jamusawa ke kiransa.

Don mu san nisan zamanin, lokacin da wannan abu ya faru Sarki Yero ne ke sarautar Zazzau. Turawa ba su ci ƙasar Hausa ba tukuna, jirgin ƙasa bai iso Zariya ba, Sabon Gari ma ba a kafa shi ba, balle Chikaji.

Likitoci suka karɓi abin hannu bibbiyu. Cikin 1896 kaɗai an buga rubuce-rubuce fiye da 1,000 a kansa, kuma a shekarar ne aka buɗe sashen ɗaukar hoto a babban asibitin birnin Gilasgo. Aka riƙa gano karaya, da harsashi, da allurar da ta ɓace a cikin tsoka. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Marie Curie ta sa aka ɗora injunan a kan motoci ana kai su kusa da fagen fama. Amma abin yana da nasa haɗari, wanda ba a sani ba da farko. Da yawa daga cikin masu aikin farko sun ƙone a hannu, wasu ciwon daji ya kama su, kamar Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison na Amurka, wanda ya mutu a 1904. Wannan ya sa yanzu ake auna hasken ƙwarai, ma'aikata suna fakewa bayan dalma, kuma ake son mace mai juna biyu ta faɗa kafin a ɗauke ta.

To, ina ruwan wannan tarihi da ciwon gaɓoɓi? A nan ne nake roƙon iyayenmu su ba ni hankalinsu. Mu a gida kusan duk ciwon gaɓa sunansa ɗaya, ko dai sanyin ƙashi ko amosani. Alhali kuwa cututtuka ne daban daban, kowace da dalilinta, kowace da maganinta. Hasken Rontgen yana ratsa tsoka da sauƙi, amma ƙashi yana tare shi saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari. Guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙasusuwa kuwa ba ya fitowa, sai dai a ga wani fili tsakanin ƙashi da ƙashi. Wannan fili da gefen ƙasusuwan su ne likita ke karantawa kamar yadda muke karanta allo.

Na farko akwai amosanin tsufa, wanda ya fi kama gwiwa da ƙugu da gadon baya. Guringuntsi ne ke cinyewa a hankali. A hoto sai a ga filin nan ya tsuke, sau da yawa ta gefe ɗaya, kuma ƙashi ya yi tsiro a baki. Shi ne ke damun kakata ta wajen uwa, wadda ta shekara da shekaru ana yi mata ƙaho a gwiwa kafin hoto ya nuna ainihin abin. Na biyu akwai wani amosani wanda garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi gaɓoɓi. Ya fi kama mata, yana kama ƙananan gaɓoɓin hannu dama da hagu tare, mutum ya tashi da safe yatsu sun sage. A hoto ana ganin gefen ƙashi ya zaizaye, in an yi sakaci yatsu su karkace. Wani likitan Ingila, Alfred Garrod, shi ne ya raɗa wa wannan cuta sunan da likitoci ke kiranta da shi, a 1859.

Na uku shi ne wanda likitoci ke kira gawut, kuma shi ne ya fi rikita mutane. Akwai wani sinadari a cikin jini da ake kira yurik, wanda ƙoda ke tacewa ta fitar ta fitsari. In ya yi yawa sai ya daskare a cikin gaɓa, ya zama wasu 'yan ƙananan tsinkaye masu tsini kamar allura. Shi Garrod ɗin nan ne ya nuna a 1848 cewa masu wannan ciwo suna da yurik da yawa a jini. Yakan tashi da dare farat ɗaya, galibi a gindin babban yatsan ƙafa. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, ko mayafi mutum ba ya so ya taɓa shi. Bayan kwana bakwai ko goma sai ya lafa kamar ba a yi ba, sai wata rana kuma ya komo. Ya fi kama maza magidanta. Gado yana sa shi, haka ƙiba, da ciwon ƙoda, da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, da yawan cin kayan ciki da jan nama, da shan giya ko lemon kwalba mai zaƙi. Saboda yadda yake zuwa dare ɗaya, a unguwarmu na sha jin an ce wane ya taka sammu. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe yana fama ana ta yi masa turare da shafe-shafe, sai da ƙulli ya fito masa a yatsa da gwiwar hannu sannan 'ya'yansa suka kai shi asibiti, aka gane gawut ne.

Sai dai a nan akwai abin lura. A tashin farko na gawut, hoton eksire ba ya nuna komai sai kumburi, domin ƙashi bai taɓu ba tukuna. Sai ciwon ya shekara da shekaru sannan ake ganin wasu ramuka a gefen ƙashi kamar ɓera ya gutsura, da ɗan leɓe a bakin ramin, filin gaɓar kuwa yana nan bai tsuke ba sai can daga baya. Wannan shi ke bambanta shi da sauran amosani. Ke nan in an ce hotonka lafiya lau, ba a ce ba ka da gawut ba. Awon jini ma shi kaɗai ba ya yanke hukunci, don yurik yakan sauka a lokacin da ciwon ya tashi, kuma akwai masu yurik da yawa da ba su taɓa ciwon ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce wadda wasu likitocin Amurka biyu, McCarty da Hollander, suka bayyana a 1961: a zuƙo ruwan gaɓar da allura, a duba da madubin likita, a ga tsinkayen da ido.

Waɗanda suka zo bayan Rontgen sun ɗora a kan tubalinsa. Na'urar sikanin da iyayenmu mata suka sani a wurin awon ciki, wadda da sauti take aiki, ana ɗora ta a kan gaɓa. In akwai gawut takan nuna wani farin layi da ya kwanta a kan guringuntsi tun kafin ƙashi ya lalace. A 1971 aka fara gwada na'urar siti-sikan a kan majiyyaci a Landan, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙirƙira. Hasken Rontgen ɗin ne dai take amfani da shi, amma tana zagaya jiki, kwamfuta tana haɗa hotunan yanki yanki. Daga baya aka yi wata irinta mai harba haske iri biyu, wadda ke iya ware yurik daga ƙashi ta nuna shi da launi dabam. A 2015 ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Amurka da Turai suka sa ita da sikanin cikin ƙa'idojin tantance gawut. Akwai kuma na'urar maganaɗisu mai nuna jijiya da ɓargo.

Hoto yana kuma tona wasu cututtuka da ke shigar burtu da sunan sanyin ƙashi. Yaro mai sikila da ke ɗingishi yana kukan ƙugu, wataƙila kan ƙashin cinyarsa ne ke mutuwa don rashin jini. Mai ciwon baya da rama da zufar dare, wataƙila tarin fuka ne ya kama ƙashin bayansa. Gaɓar da ta kumbura tare da zazzaɓi kuwa tana iya zama mugunya ce ta taru a ciki, wannan ba a kwana da ita, don cikin 'yan kwanaki take lalata gaɓa. Mu mutanen Zariya Allah ya kawo mana abin har ƙofar gida. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962, asibitin koyarwarta ya daɗe a Tudun Wada, sannan ya koma mazauninsa na Shika a 2005. Ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Duk da haka da yawa daga cikin dattawanmu sun fi gane wa sayen ƙwayar kashe zafi a kemis, suna sha wata da watanni. Irin waɗannan ƙwayoyi in an daɗe ana sha suna ƙwaƙule ciki, suna kuma kashe ƙoda, ga shi mai gawut sau da yawa dama ƙodarsa ba ta da ƙarfi. Alhali in an gane ciwon, akwai maganin da ke sauke yurik ya narkar da tsinkayen, mutum ya koma harkarsa.

Bari mu koma kan mai tarihin. Duniya ta buɗe wa Rontgen ƙofar dukiya, amma bai shiga ba. Kamfanoni sun neme shi ya yi rajistar mallakar abin da ya gano don duk mai ƙera injin ya biya shi, ya ƙi, domin a ganinsa ilmi na jama'a ne. Wannan ya sa aka yi ta ƙera injunan ko'ina ba wanda ya hana. An yi masa tayin shiga sahun masu sarauta, wanda zai ƙara wa sunansa laƙabi, ya ƙi karɓar laƙabin. A 1901 shi ne mutum na farko da aka ba Kyautar Nobel ta fiziks, kuɗin kuwa ya bar wa Jami'ar Wurzburg. Rahoto uku kawai ya rubuta a kan hasken, daga 1895 zuwa 1897, ya koma kan sauran bincikensa. Mutum ne mai kunya, ba ya son taro, hutunsa hawan duwatsu ne da farauta.

A 1900 ya koma Jami'ar Munik, a can ya ƙare aikinsa. Ƙarshen rayuwarsa ya zo da wahala. Matarsa ta rasu a 1919 bayan doguwar jinya, suna da shekara 47 da aure. Ya yi ritaya a 1920. Bayan yaƙi kuɗin Jamus suka karye har suka zama kamar takardar tsire, ɗan abin da ya tara ya narke. Ya mutu ran 10 ga Fabrairu, 1923, da ciwon daji na hanji, yana da shekara 77, aka binne shi a Giessen kusa da matarsa da iyayensa. A 2004 masana suka raɗa wa sinadari na 111 sunansa, kuma kowace shekara ran 8 ga Nuwamba ma'aikatan ɗakin hoto na duniya suna tunawa da shi.

'Yan'uwana ɗalibai, yaron da aka kora daga makaranta a kan laifin da ba nasa ba, shi ne ya zama shugaban jami'ar da ta taɓa ƙin sa. Duk wanda jarrabawa ta kayar bana, ko aka yi masa hukuncin da yake ganin bai dace ba, ya tuna da wannan, kada ya jefar da littafi. Mu kuma riƙa lura da ƙananan abubuwa a ɗakin gwaji, domin wasu masana kafin Rontgen sun ga faranten hotonsu na lalacewa kusa da irin wannan bututu, amma ba su tsaya sun bi sawun dalilin ba. Iyayenmu kuwa, roƙona shi ne in gaɓa ta kumbura, ko ciwonta ya wuce 'yan makonni, ko yana tafiya yana dawowa, a daure a je asibiti a san ko wane iri ne kafin a fara magani. Kuɗin hoto ɗaya bai kai kuɗin wankin ƙoda ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ba mu ilmi mai amfani, amin.

Daga wani ɗalibin aji biyar,
Chikaji, Sabon Gari, Zariya.